Awon yaro: yadda ake aunawa, a karanta kati, a gane inda matsala take

Ranar awon yara a asibitin unguwa, a cikin birnin Katsina ko a ƙauyukan Daura, benci cike yake da mata, kowacce da goyonta, kowacce tana son ta koma ta ɗora girki. A cikin wannan sauri ne ake ɗora yaro a sikeli da rigarsa da layunsa, a faɗi lamba, a rubuta, a kira ta gaba. Lambar da aka samu ta haka ba ta gaya wa kowa komai. Abin da ake nema a awo shi ne inda layin girman yaro ya dosa daga wata zuwa wata, kuma kuskuren giram 200 ya isa ya ɓoye jaririn da ya daina ƙaruwa.

Sikeli tukuna

Sikelin ratayawa da aka fi amfani da shi yana ɗaukar kilo 25, kowane ɗan zane a fuskarsa giram 100 ne. A rataye shi a ƙarfe ko reshe mai ƙwari, fuskarsa daidai da idon mai karantawa, don in an karanta daga ƙasa ko daga gefe lambar kan goce. A saƙala wandon awon babu kowa a ciki, sannan a murza ƙusar saiti har tsinken ya zauna kan sifili. Wanda ya saita sifili kafin ya saƙala wandon ya ƙara wa duk yaran ranar nauyin wando. Kowace safiya a gwada sikelin da abin da aka san nauyinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkar da aka auna wa lita 5 aka rufe ta isa: muddin lambarta ta yau ta saɓa da ta jiya, sikelin ne ya samu matsala.

A tuɓe yaro gaba ɗaya, har da kunzugu ko famfas, domin jiƙaƙƙen famfas kaɗai yana iya kai giram 200. Da hunturu a nemi lungun da iska ba ta bugawa, uwa ta riƙe zani a hannu ta lulluɓe shi da zarar an sauke. Ƙafarsa kada ta taɓa ƙasa, uwa kuma kada ta tallafe shi don yana kuka. A jira tsinken ya tsaya, a faɗi lambar da ƙarfi, a rubuta nan take. Inda akwai sikelin tsayawa mai latsa sifili, uwa ta hau ita kaɗai, a mayar da shi sifili, sannan a miƙa mata yaron. Wannan ya fi dacewa da yaro mai fizge-fizge.

Tsawo ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗan ƙasa da shekara 2 a kwance ake auna shi a kan allo, mutum biyu: ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya miƙe gwiwa. Daga shekara 2 a tsaye. Awon kwance ya fi na tsaye da santimita 0.7, saboda haka in dole ta sa an kwantar da babban yaro sai a cire wannan.

Watannin yaro

Awo mai kyau a gurbin watan da ba nasa ba ɓata kati ne. Cikakkun watanni ake ƙirgawa: ɗan wata 5 da kwana 25 har yanzu ɗan wata 5 ne. In babu takardar haihuwa, kada a ce wa uwa "watansa nawa?" a tsaya nan. A tambaye ta da abin da ba ta mantawa: da azumi aka haife shi ko bayan ƙaramar salla? Kafin babbar salla? A Daura, kafin Sallar Gani ko bayanta? An yi shuka, ko an fara yankan gero? A dai tuna watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, sai a ajiye kalanda mai lissafi biyu a kan tebur. Bakwaini kuwa ana rage masa makonnin da ya rage bai cika ba a ciki, har ya kai shekara 2. In ba haka ba, kullum za a riƙa ganinsa a baya alhali yana kan hanyarsa.

Karatun layi

Katin maza daban, na mata daban, kuma layukan da ke kai sun fito ne daga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. A ɗiga awon yau, a ja layi zuwa ɗigon watan jiya, a nuna wa uwa da yatsa. Layi mai hawa lafiya. Layi kwance gargaɗi ne, ko da yaron yana wasa. Layi mai gangarowa ba a barinsa har wata mai zuwa. Ƙasa da layin da aka rubuta wa -2 a kati nauyi ya gaza, ƙasa da -3 ya gaza ƙwarai. Amma ƙaramin yaro da ke bin layinsa sannu a hankali yana hawa ya fi kwantar da hankali a kan ɓulɓul ɗin da ya yi wata biyu bai ƙara ko giram 100 ba. Ido yakan yaudari mutum a nan, kuma kakanni sun fi kowa faɗawa wannan tarko.

Akwai lambobin da ya kamata su zauna a ka. Nauyin haihuwa daga kilo 2.5 zuwa 4 ne. A kwanakin farko jariri yakan ragu, amma kada ragin ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma kafin ya cika mako 2 ya dawo da nauyinsa. A wata ukun farko yana ƙara giram 150 zuwa 200 a mako. Wajen wata 5 ya ninka nauyin haihuwa, a shekara 1 ya ninka sau uku. Tsawo kuwa kusan santimita 50 ne a haihuwa, 75 a shekara 1, mita ɗaya a shekara 4. Maɗiga takan rufe zuwa wata 18. In ta faɗa ciki ruwan jiki ne ya ragu, in ta kumbura tare da zazzaɓi a yi tunanin sanƙarau. Ko wanne ne, shafa mata wani abu a ka ba ya magani.

In layi ya kwanta, faɗa ba ya ɗaga shi. "Me kike ba shi?" tambaya ce da kowace uwa ta san amsar da ake son ji. Gara a ce, "Maman yaro, tun daga asubar jiya zuwa yanzu, me da me ya shiga cikinsa?" Daga nan ake jin gaskiya. Sau da yawa kunu ne tsululu wanda ake ɗura masa a kofi, ya cika ciki babu ƙarfi a cikinsa. Ko kuma yana cin tuwo kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Ko an yaye shi rana ɗaya an kai shi wurin kaka saboda kwanika, ya yi zuciya ya ƙi abinci. Uwa mai sabon ciki tana iya ci gaba da shayarwa, nononta bai gurɓace ba. A tambayi zawo, zazzaɓi, tari da ƙyanda. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, layuka da yawa ke kwanciya tare, don haka a duba ko yaron yana karɓar maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida kowane wata ga ’yan wata 3 zuwa 59.

Gyaran ba shi da wuya a faɗa. Kafin wata 6 nono zalla, babu ruwa ko da zafin bazara ya kai inda ya kai, domin mafi yawan nono ruwa ne. Zuma ba ta shiga bakin ɗan ƙasa da shekara 1. Daga wata 6 zuwa 8 a fara da cokali 2 zuwa 3, sau 2 ko 3 a rana, ana ƙarawa har rabin kofi mai mililita 250. Daga wata 9 zuwa 11 rabin kofi sau 3 ko 4. Daga shekara 1 kusan kofi cike, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube ba. A soya gero awo 6, waken suya awo 3, gyaɗa awo 1, a niƙa tare, a riƙa damawa. A ƙara ƙwai, dakakken busasshen kifi, garin zogale ko cokalin manja. Kwanonsa daban.

Tef ɗin damtse da gwajin kumburi

Wannan awo da tef mai launi uku, kore, ruwan ɗorawa da ja, na ’yan wata 6 zuwa 59 ne, kuma uwa ma za ta iya koyonsa ta yi a gida. Hannun hagu ake aunawa. A lanƙwasa gwiwar hannu, a nemo tsinin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar, a sa alama a tsakiyarsu. Sai a saki hannun ya sauka, sannan a zagaya tef. Wurin da aka fi kuskure shi ne ɗaurin: in an matse, lafiyayye ya koma ja, in an sassauta, mai tamowa ya tsallake. Tef ya kwanta a fata ba tare da ya shige ta ba. Kore daga santimita 12.5 zuwa sama ne, ruwan ɗorawa daga 11.5 zuwa 12.4, ja ƙasa da 11.5.

Ko tef ya nuna kore, a danna bayan ƙafafu biyu da manyan yatsu, a ƙirga daƙiƙa 3, a ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani. Irin wannan yaron sikeli yakan nuna ya ƙaru, a gida ana murna ya yi ƙiba, alhali ruwa ne. Mai ja ko mai kumburi a gwada shi da abincin tamowa na leda. In ya ci da kansa kuma babu wani ciwo tare, ana iya jinyarsa daga gida yana zuwa duk mako. In ya ƙi ci, ko kumburin ya kai fuska, ko yana da zazzaɓi mai zafi, ko bai kai wata 6 ba, kwanciya ce: a tura shi babban asibiti, kamar asibitin mata da yara na Turai a Katsina ko babban asibitin Daura, a ranar. A ja kunnen maigida ma cewa ledar magani ce, ba a raba ta da sauran yara, ba a dama ta a kunu.

Zama, rarrafe, tafiya, magana

Kowane mataki yana da faɗi. Murmushi wajen mako 6 zuwa 8, riƙe wuya wata 3 zuwa 4, zama ba jingina tsakanin wata 4 da 9, tafiya tsakanin wata 9 da 18. Wasu yaran ba sa rarrafe sam, su ja gindi su miƙe, ba laifi. Abin da ke sa a tura yaro ga likita: wata 3 babu murmushi, wata 9 bai zauna ba, wata 18 babu tafiya ko babu kalma ɗaya, shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Wanda magana ta yi wa nauyi a fara duba jinsa, musamman in ya yi shawara mai tsanani yana jariri ko ya taɓa sanƙarau.

Haƙori yana fara tsirowa wajen wata 6, daidai lokacin da yaro ke kai komai baki, shi ya sa ake ɗora masa laifin zawo. Haƙori ba ya kawo zawo kamar ruwa ko zazzaɓi mai zafi. A ba da ruwan gishiri da sukari na leda da zinc na kwana 10, a yi gwajin jini in da zazzaɓi. Maganin haƙori na kwalba a bar shi: tsakanin 2008 da 2009 wani irinsa da ya gurɓata ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya.

Abin da sabuwar iyawa ke jawowa

Duk abin da yaro ya koya, akwai haɗarin da ya zo da shi, kuma a teburin awo ake faɗa wa uwa kafin ya faru. Mai juyi ba a barinsa a bakin gado. Mai rarrafe, murhu ne da tukunyar ruwan wankan jego da bokitin wanki. Ɗan ruwan da bai kai kamu ɗaya ba ya isa ya halaka yaron da ya kifa a ciki. Mai tafiya, rijiya ce marar murfi da kwalbar lemon da aka zuba wa kananzir ko fiya-fiya. Da sanyi kuma, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki.

Ƙuna a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi har minti 20, ba ƙanƙara ba, sauran jikin a lulluɓe. Ƙwai, man goge baki, toka da manja ƙwayar cuta suke kaiwa cikin ciwon. Wanda ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara: ɓarnar kananzir a huhu take, amai kuwa shi ke kai shi can. A cire masa kayan da suka jiƙe a tafi asibiti ko da ya warware, don numfashin kan canza bayan awanni. Jaririn da gyaɗa ko aya ta shaƙe, a kifa shi a kan hannu kansa ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, ba a laluben maƙogwaro da yatsa. Mai taune-taune a kwantar da shi a gefe, babu cokali a baki, babu ɗura, babu hayaƙi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Kafin uwa ta goya ta tafi, a ɗaga rigar yaron a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif yana natse. Sau 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi ya yi sauri. A duba allurar da ta rage masa, a rubuta ranar dawowa a kati, a kuma faɗa mata da baki: bayan wata ɗaya ga mai layi mai hawa, bayan mako 2 ga wanda layinsa ya kwanta.