Wannan shuuu da amfilifaya ke yi, ga yadda za ka gano daga ina yake

Dare ya yi, gida tsit, ka kunna amfilifaya ko waƙa ba ka sa ba tukuna sai ka ji sifika na wani shuuu kamar tayar mashin na sace iska. Da yawa nan take sai su ce ai kaya ya lalace gobe a kai wa mai gyara. Dakata malam, fara kasa kunne tukuna don ƙarar ba iri ɗaya ba ce.

Akwai shuuu ɗin nan siriri mai fitowa ta tiwita, ƙaramar sifikar sama. Akwai kuma ƙugi mai kauri, huuum, ta babbar sifika, wannan daga wuta yake, don wutarmu a Najeriya da Nijar sau 50 take kai-komo a daƙiƙa, to sautinta kake ji ko ninkinsa, 100. In kuma ƙarrr-ƙarrr ne sai ka murɗa boliyom yake yi, wannan ƙurar hunturu ce ta shiga, maganin fesawa na wanke boliyom ya ishe shi, ba man keken ɗinki ba fa.

Shi shuuu ɗin babu amfilifayar da ba ta yin sa a duniya komai tsadarta. Ko resista ɗaya tal, ɗan ƙaramin abin nan mai rage gudun wuta a cikin kayan lantarki, in dai akwai ɗumi a jikinta tana wannan ƙarar, tun 1928 John Johnson ya wallafa awon da ya yi wa abin a ɗakin bincike na Bell Labs ta Amurka, Harry Nyquist ya fitar da lissafinsa. Saboda haka in sai ka manna kunne a jikin tiwita kake ji, amma daga kujerarka ba ka jin komai, wallahi lafiyar kayanka ƙalau, ka bar shi.

In kuwa har kujera yake iske ka, to kashe amfilifayar, ka zare duk wata waya da ke shiga bayanta, ta dikoda, ta talabijin, ta Bluetooth, komai, ka bar wayar wuta da ta sifika kawai. Kunna, boliyom a ƙasa. In ƙarar ta ɗauke ai ka ga ba laifinta ba ne, wani ke kawo mata. Sai ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowace jonawa, wadda ka sa ƙarar ta dawo ita ce ɓarauniyar. Yawanci dikoda ce, wato wayar dish ɗin nan da ta sauko daga kan rufi tana zuwa da nata atin, hanyar da ke sauke wuta ƙasa, daban da na soket, sai ƙugi ya tashi tsakaninsu. Kwance ta daga bayan dikodar ka ji, in ya yi shiru akwai ɗan abin da ake sawa a tsakani mai raba atin ɗin, ba shi da tsada. Cajar laftof ma haka, zare ta ka bar shi a batir ka ji bambanci. Kuma ka jona kayan sautin duka a ekstenshin ɗaya, ka raba wayar sauti da wayar wuta kar su kwanta tare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karya ƙafar atin ta fulogi da wasu ke yi, eh ƙugin na iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa ƙarfen jikin kayan kai ne za ka zama atin ɗin.

Wani abu da kusan kowa ke yi, a bar boliyom na wayar hannu a ƙasa sannan a murɗe na amfilifaya har ƙarshe, to me kake so ta yi, ai shuuu ɗin take ƙara maka tare da ɗan sautin da ka ba ta. Juya abin, na waya ya kusa cika, na amfilifaya ƙasa-ƙasa, tirebul ma a mayar da shi tsakiya. Kuma kar ka jona waya a ramin da aka rubuta PHONO, na garmaho ne, yana ninka sauti kusan sau 100.

Sifika ma na da nata hannun a ciki. Mai 97 dB da mai 87 dB, wato awon yawan ƙarar da sifika ke bayarwa, a amfilifaya ɗaya, ta farkon kunne zai ji shuuu ɗinta kamar ninki biyu, shi ya sa in ka kwaso manyan sifikun masu kiɗan biki ɗin nan masu ƙaho ka dasa a ɗakin kwana dole ka ji huci, an yi su ne don fili. In sayen amfilifaya za ka yi duba inda aka rubuta S/N a takarda, wato yadda waƙa ta fi shuuu ɗin ƙarfi, amma a yi hattara, yawanci a cikakken ƙarfi suke aunawa, mai wat 100 da aka ce 100 dB in aka dawo wat 1, wajen da kake sauraro kullum, 80 dB ke nan. Gara ka sa mai shago ya kunna ba waƙa ka saurara da kunnenka.

Sai inbata da janareta. Inbata mai araha wutarta ba sumul take ba, tana sa zzzz har tiransifomar ciki ka ji tana kuka, gwada da wutar NEPA in an kawo, in shiru ka san inda matsalar take.

Wanda ya kamata a kai wa mai gyara shi ne in ka zare komai amma ƙugin na nan, galibi manyan kapasitoci masu tace wuta ne zafi ya busar, ko shuuu ɗin gefe ɗaya kawai yake yi da ɗan tas-tas yana ƙaruwa in ta ɗau zafi, wannan tiransista ce ta fara gajiya ko dalma ta saki. Kar ka buɗe da kanka ko da ka zare fulogi, kapasitocin nan suna riƙe wuta bayan an kashe. In ka je ka faɗa masa gefen da ke yi da kuma ko boliyom na canza ƙarar, kar ya kama canza maka abin da lafiyarsa lau.