Babi na Shida: Bakin Kamfani da Farashin Hannun Jarinsa

Darasi na 1: Wa yake magana?

Hannun jari ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saye shi, shi ake kira mai zuba jari. Manyan kamfanonin fasaha suna da sashe guda da ba shi da aiki sai yi wa masu zuba jari bayani. Duk bayan wata uku, wato sau huɗu a shekara, sashen yakan fitar da rahoton kuɗin shiga da ribar kamfanin, sannan shugabannin kamfanin su amsa tambayoyin masu sharhi, kowa yana saurare ta intanet. A Amurka, tun shekarar 2000 doka ta hana kamfani ya raɗa wa wasu muhimmin labari ya bar saura a duhu.

Darasi na 2: Gida biyu

Ku buɗe littafinku, ku ja layi daga sama zuwa ƙasa, ku sami gida biyu. A kan na farko ku rubuta "Abin da aka zata". A kan na biyu ku rubuta "Abin da kamfani ya faɗa". Ku fara cika gidan farko. A nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka kada ku ji kunya idan kun manta, a hankali za ku saba.

Abin da aka zata shi ne adadin da masu sharhi suka yi hasashe kafin rahoto ya fito, kuma jaridun kasuwanci suna buga shi. Farashi yakan motsa ne da tazarar da ke tsakanin gidajen nan biyu. Girman riba shi kaɗai ba ya ɗaga shi.

Mu gwada. Ranar 2 ga Fabrairu 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya ba da rahoton ribar sama da dala biliyan 10 a wata uku. Ku dakata! Kada ku ce farashi zai hau. Gidan farko tukuna. An zata zai ce kuɗin shigarsa na wata uku masu zuwa zai kai kimanin dala biliyan 30. Ku rubuta 30. Shi kuwa ya ce biliyan 27 zuwa 29, ya kuma bayyana cewa masu shiga Facebook kullum sun ragu a karon farko. Ku rubuta 27 zuwa 29 a gida na biyu. Wanne ya fi? Na farko. Washegari farashin ya faɗi da kusan kashi 26 cikin ɗari.

Mu sake. Nvidia, kamfanin kayan kwamfuta, Mayu 2023. Wane gida za mu fara cikawa? Na farko, madalla. An zata kuɗin shigarsa na wata uku masu zuwa zai kai kimanin dala biliyan 7, kamfanin ya ce biliyan 11. Gida na biyu ya fi, farashi ya tashi da kusan kashi 24 cikin ɗari a rana guda.

Har yanzu akwai masu ganin kalmar "riba" su rufe littafi. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Wannan gaggawar ita ke cinye kuɗin da mutum ya yi shekaru yana tarawa. Wanda ya bar gidan farko fayau bai karanta rahoto ba, ya kalle shi ne kawai. Ku koma ku cika.

Darasi na 3: Maganar shugaba

A Agusta 2018 Elon Musk, shugaban kamfanin motoci na Tesla, ya rubuta a Twitter cewa ya sami kuɗin da zai saye hannayen jarin Tesla a kan dala 420 kowane ɗaya. Farashi ya tashi, cinikin bai yiwu ba. Hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta zarge shi da ruɗin masu zuba jari da wannan magana, ta ci tararsa dala miliyan 20, ta ci kamfanin ma haka. Idan kun ji irin wannan magana, ku duba shafin masu zuba jari na kamfanin ku gani ko akwai sanarwa a rubuce.

Darasi na 4: Aikin gida

Ku nemo rahoton kamfani ɗaya, ku cika gida biyun, ku kawo mako mai zuwa.