Yadda Ake Bin Haƙƙin Majinyaci Bayan Tiyatar Jijiyar Wuya

A kowane gefen wuya akwai babbar jijiya mai kai jini ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira karotid. Idan kitse ya taru ya ƙuntata ta, akan tsage ta a kankare shi domin a kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki. Sai dai ita kanta tiyatar tana iya jawo wannan shanyewar, ko dashewar murya, ko karkacewar harshe, ko da likita bai yi kuskure ba. Saboda haka kotu ba ta tsayawa kan munin sakamako; hujjar da take nema ita ce likita ya kasa yin abin da ƙwararre irinsa zai yi, kuma sakacin ne ya jawo lahanin.

Da farko, a rubuta wa shugaban asibitin takarda a nemi kwafin fayil ɗin majinyaci, da hoton jijiyar da aka ɗauka kafin aiki, da takardar amincewar da aka sa wa hannu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a bayyana wa majinyaci haɗarin aikin da zaɓin da yake da shi, da harshen da yake ji idan hakan zai yiwu.

A ganina, rubutun ma'aikatan jinya na sa'o'in farko bayan tiyata ya fi komai muhimmanci, domin a lokacin ne jini kan taru a wuya ya toshe numfashi, ko hawan jini ya ɓarke. Wanda ya kwana jinya ya rubuta ƙarfe nawa wuya ya fara kumbura, ƙarfe nawa aka kira likita, ƙarfe nawa ya iso, tun bai manta ba. Yarda da ƙaddara ba ta hana wannan rubutu.

Daga nan a kai takardun wurin wani likitan tiyata da ba ya aiki a asibitin, don alƙali yana dogara sosai da shaidar ƙwararre.

Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya da ke Abuja tana karɓar koke tare da takardar rantsuwa, tana iya dakatar da likita ko soke sunansa, amma ba ta yanke diyya. Diyya sai a kotu, kuma lauya ne zai tantance ko Babbar Kotun jihar da asibitin yake ce ta dace da ƙarar. Idan asibitin gwamnati ne, a ga lauya cikin makonnin farko, domin dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wa'adin wata 3 kacal na shigar da ƙara.