Kada ku yar da iyafis mai kunne ɗaya

Masu jin tsofaffin faya-fayan jaz, idan kunne ɗaya na iyafis ɗinku ya mutu, kada ku yi saurin sayen sabo.

Ku shiga saitin waya, ku nemi Accessibility, ku kunna Mono audio. Shi ke nan.

Ga dalili. A ƙarshen shekarun 1950 sitiriyo, wato raba sauti tsakanin kunnen hagu da na dama, sabon abu ne, masu ɗaukar sauti kan raba makaɗa gida biyu, wasu hagu wasu dama.

Ku ɗauki faifan Kind of Blue na mai busa kakaki Miles Davis, na 1959, wanda John Coltrane da Cannonball Adderley suka busa saksofon a ciki. John Coltrane da fiyano suna hagu, Cannonball Adderley da ganguna suna dama, Miles yana tsakiya. Da kunne ɗaya, sai ku ji busar mutum guda ta yi can nesa kamar daga maƙwabta, ku ɗauka faifan ne bai da kyau. Mono na haɗa kowa wuri ɗaya.

Amma fa in kunnuwan biyu lafiya lau suke, ku kashe mono. Rabuwar nan ce ke koya wa sabon shiga bambanta busar Coltrane da ta Adderley.

Faifan da tun asali da mono aka ɗauke shi kuwa, saitin ba zai canza masa komai ba.