Yadda ake haɗa ƙwaryar barka da Sallah: zane a waje, kantu da tuwon madara a ciki

Idan Sallah ta ƙarato a Yamai, kowane gida yana da mutanen da dole a aika musu da wani abu: surukai, maƙwabta, malamin da ke karantar da yara, da dattijuwar unguwa wadda ta tsaya wa gidan a lokacin haihuwa ko biki. Yawancinmu a yau a roba ko baƙar leda muke zubawa, yaro ya kai, a cinye, a jefar da mazubin kafin magariba. A gidanmu na Tawa, inda na tashi, Goggona ba ta yarda kyauta ta fita haka. A ƙwarya take zubawa, ta rufe da faifai, kuma ba ta jiran a maido mata. Shekaru bayan an manta da abin da ya zo a ciki, nakan shiga ɗakin wata in tarar da ƙwaryar Goggo rataye a bango cikin jere. Abin da nake son in koyar a nan ke nan: yadda za ki sa mazubin ya zama rabin kyautar, ya kuma zama adon ɗaki bayan an gama da zaƙin da ke cikinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ki ba aikin mako guda. Ƙwarya za ta ci kwana huɗu ko biyar tsakanin jiƙo da shanya da zane, kayan zaƙi kuwa sai ana saura kwana ɗaya ko biyu ake yin su.

Wajen saye, ko a kasuwar Katako ne ko a Wadata, kada ki ɗauki masaki, domin cika shi zai cinye miki sukari da madara masu yawa, kuma nauyinsa bai dace da rataya ba. Ki nemi wadda tafukan hannu biyu za su riƙe, ta ɗan fi ƙoƙo girma. Ki ƙwanƙwasa ta da yatsa ki saurara, domin mai kauri da ta nuna sosai a jikin duma amo take yi mai ƙarfi, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Sannan ki ɗaga ta ki fuskanci rana, duk inda haske ya ratso to ƙwari sun huda wurin. Wadda gyartai ya ɗinke tana da amfaninta a madafa, amma ba a kyauta da ita. Idan kin ce wa mai sayarwa, “Baba, ta zane nake so, a zaɓo mini mai kauri,” ya san abin da kike nufi, kuma sau da yawa daga ƙarƙashin tarin zai ciro miki.

Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, kuma ɗacin yana cikin ragowar totuwar da ta manne a cikinta. Ki cika ta da ruwa ta kwana, da safe ki kankare cikin da cokali, ki goge da yashi mai laushi da tsumma, ki sake zuba sabon ruwa. Mata da yawa da ƙasari suke jiƙa ta, wato ruwan wankin gero, kuma ni ma shi na fi so. Ki maimaita har sai kin taɓa harshe a cikinta ba ki ji ɗaci ba. Shanya a inuwa ake yi, a kife, inda iska ke ratsawa. Ranar Yamai a watannin Afrilu da Mayu tana wuce digiri 40, kuma jiƙaƙƙiyar ƙwarya da aka ajiye a tsakar gida a irin wannan zafi tana iya tsagewa kafin azahar.

Zane shi ne inda hannu ke rawa, don haka kada wuta ta taɓa ƙwarya sai kin gama fitar da shi da fensir. Abin da ya fi ba masu koyo wahala shi ne raba da'irar daidai, sai mutum ya zagayo ya tarar zanen ƙarshe ya matse ko ya bar fili. Maganin wannan zare ne. Ki zagaya bakin ƙwaryar da zare ki yanke shi daidai, ki ninka biyu, ki sake ninkawa, ki ƙara ninkawa, kin sami kashi takwas ke nan. Ki sa alama a kowane ninki, ki mayar da zaren a bakin ƙwaryar ki ɗiga alamomin a jikinta. Daga nan sai ki ja layi biyu kewaye da baki, faɗin yatsa biyu a tsakaninsu, ki cika tsakanin da zane mai kusurwa uku, ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa. A gindi kuma ki yi da'ira ki fitar da layuka daga cikinta kamar tauraro, domin idan an rataye ƙwarya gindin ne ke fuskantar mai shigowa. Zanen dagi, mai layuka sarƙe da juna, yana da kyau ƙwarai, amma lanƙwasarsa tana son hannun da ya saba, gara a bar shi sai a ƙwarya ta uku ko ta huɗu. Wadda ke neman samfuri ta leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, inda masu sana'ar hannu ke aiki a gaban jama'a, ko ta lura da ƙoren matan Bororo na yankin Abalak da Cintabaraden, waɗanda jeren ƙwarya yake cikin manyan dukiyarsu. Za ki ga yawancin kyawun daga layi ne da ɗigo da aka maimaita da haƙuri.

Kayan ƙuna ba su wuce murhun gawayi irin na shayi da tsofaffin wuƙaƙe biyu masu ƙotar itace ba. Biyu ake so domin yayin da kike aiki da ɗaya, ɗayar tana cikin garwashi. Ki zauna a waje saboda hayaƙi, ki ɗora ƙwaryar a kan gammo a cinyarki, ki fara gwada zafin wuƙar a jikin sakaina. Idan ta bar layi mai launin ƙasa-ƙasa da ya ɗan nutse, zafin ya yi, idan kuwa ta tashi da hayaƙi mai yawa ta baƙanta gefe da gefe, ki ɗan jira ta huce. Ba a danna wuƙa da ƙarfi, jan ta ake yi a hankali, kuma hannun hagu shi ke juya ƙwaryar yayin da na dama yake kusan tsaye wuri ɗaya. Na ɓata ƙwarya biyu kafin in gane wannan, ina bin da'irar da wuƙa har layin ya karkace, sai da Goggo ta riƙe wuyan hannuna ta ce, “Ɗiyata, ƙwarya ke tafiya, wuƙa tsayawa take yi.” Kafin ki kashe wutar, ki gasa ƙusa ki huda ƙananan ramuka biyu kusa da baki, a nan za a zura igiyar fata ta rataya.

Wadda take son launi ta dafa karan dafi da ɗan ƙanƙanin kanwa har ruwan ya yi ja wur, ta shafa shi da zafinsa a bayan ƙwaryar da tsumma, sau biyu ko uku, tana bari ya sha iska tsakanin shafawa. Idan ya bushe, za a iya kankare wasu sassan zanen da tsinin wuƙa a cusa alli ko farar ƙasa a ciki, fari ya fito a kan ja. Wannan aikin yara suna iya shi kuma suna son sa. A ƙarshe a goge bayan da ɗigon man kaɗe ko man gujiya. Fenti da man ƙyallin katako ban ba da shawararsu ba, kuma ko an yi amfani da su kada su taɓa cikin, tunda abinci za a zuba.

Faifai kuwa saya ya fi, domin ɗinka shi daga kaba sana'a ce mai zaman kanta, kuma matan da ke yin ta sun cancanci a saya ba tare da an matse su a ciniki ba. Ki je da ƙwaryar ki gwada wanda ya ɗan fi bakinta faɗi, ki bi gefensa da zaren ulu mai launi da basilla, ko ki ɗinka ƙwayoyin farin wuri huɗu na ado a tsakiya.

Daga cikin kayan zaƙi na zaɓi waɗanda ba su buƙatar firigo, domin kyautar Sallah takan yini a ɗaki kafin a waiwaye ta. Na farko kantun riɗi ne, kuma rabin aikinsa wanki ne. Riɗin da ke zuwa daga Maraɗi, Damagaram ko Tilaberi yakan zo da yashi, kuma tsakuwa ɗaya a haƙorin suruka ta isa ta ɓata duk wahalarki. Ki rege shi a ruwa da ƙwarya kamar yadda ake rege shinkafa, ki murza shi da tafin hannu ƙaiƙayin ya taso, ki tsiyaye, ki shanya ya bushe sarai. Sai ki soya shi a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa, har ya fara tsalle yana ƙamshi. Da zarar ya yi launin zuma ki juye shi a faranti, domin idan ya zauna a tukunyar zai ci gaba da ƙonewa ya yi ɗaci.

Awon shi ne kofi biyu na riɗi ga kofi ɗaya na sukari. Kafin ki ɗora sukarin, ki shafa mai a faranti da jikin kwalba da wuƙa ki ajiye su kusa, domin daga nan komai cikin gaggawa yake. Ki zuba sukarin a tukunya mai kauri da cokali biyu na ruwa da ɗigon lemun tsami, wanda ke hana shi komawa gari. Kada ki juya da cokali, ki riƙa girgiza tukunyar har ya narke ya yi ja-ja kamar shayin farko. Nan take ki sauke, ki zuba riɗin gaba ɗaya, ki juya da muciya, ki juye a faranti, ki murza da kwalba ya yi kaurin rabin yatsa, ki yanka tun yana da ɗumi. Idan ya huce ba ya yankuwa, farfashewa yake yi. Narkakken sukari yana kaiwa digiri 160 ko fiye, ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata, saboda haka a wannan gaɓar kada yaro ya kusanci murhu, kada kuma a yi ta da goyo a baya.

Tuwon madara ya fi sauƙi a ido, amma shi ya fi yawan ba mata kunya. Kofi ɗaya na sukari, rabin kofi na ruwa, da kofi uku na madarar gari mai maiƙo. Ki tafasa sukari da ruwa har ya yi danƙo, ki gwada ta hanyar ɗiga kaɗan a ƙoƙon ruwan sanyi: idan ya watse bai yi ba, idan ya dunƙule ya yi laushi a tsakanin yatsu ya yi daidai, idan ya yi tauri kamar tsakuwa ya wuce. Wanda bai kai ba yana ba da tuwon da ba ya daskarewa, wanda ya wuce kuma yana ba da mai marmashewa. Ki sauke tukunyar kafin ki zuba madarar, ki zuba ta kaɗan-kaɗan kina tuƙawa kamar tuwo har ya saki jikin tukunya. Ki juye a farantin da aka shafa wa mai, ki daddanna, ki murza da kwalba, ki yanka da wuƙa ko ki fitar da shi da murfin kwalba ya zama ƴan da'irori. Madarar awo ta kasuwa ba duka ɗaya ba ce, don haka ki ɗanɗana kafin ki saya, wadda ta yi warin tsohon mai ki bar ta.

Idan da sauran wuri a ƙwaryar, a cire ƙwallon dabino mai laushi, a daka shi da soyayyar gujiya da aka tsince ruɓaɓɓun cikinta, a ba yara su mulmula, a birgima a ragowar riɗi.

Kada ki zuba komai sai ya huce sarai, domin tururi yana sa kantu ya yi laushi ya manne. Ki shimfiɗa farar takarda mai tsabta a cikin ƙwaryar, ba jarida ba saboda tawada. Kantu ne a ƙasa tunda ya fi nauyi da tauri, sai wata takardar, sannan tuwon madara da dabino a sama. A lokacin hunturu kantu yana yin mako biyu lafiya lau, amma da damina laima tana sa shi danƙo, don haka a ɗaure shi a farar leda kafin a sa a ƙwarya. Tuwon madara gara a ci shi cikin kwana uku ko huɗu. Ki zura igiyar fatar a ramukan nan biyu tun a gida, ki rufe da faifai, ki ɗaure da ɗan kyalle mai tsabta, sannan ki gaya wa yaron da zai kai cewa idan an juye an miƙo masa ƙwaryar, ya ce an ce ta gidan ce, a kafa ƙusa a rataye.