Kurakuran da aka fi yi wajen shafa wa daɓen garaji fenti a Yamai

A cikin ƴan watannin nan an kira ni gida uku, ɗaya a Yantala, biyu a Talaje, domin in duba daɓen garajin da aka shafa wa fenti ya kuma kama ɓarewa kamar ɓawon albasa. A duk gidajen magana ɗaya na tarar, wai fentin jabu aka sayar musu a Katako. Ba na musun cewa akwai jabu a kasuwa, amma duk inda na durƙusa na ɗaga ɓawon na juya bayansa, sai in ga farin garin siminti manne a jikinsa, abin da ke nuna cewa fentin ya riƙe abin da aka ba shi ya riƙe, daɓen ne ya sake shi. Ni ba mai fenti ba ne na sana'a. Maigida ne da ya yi wa garajinsa wannan aiki har sau uku kafin ya zauna, kuma kuɗin da na zubar a karo biyu na farko su ne suka sa ba na iya yin shiru in na ga wani zai taka inda na taka.

Kuskuren da ake fara yi tun a shago shi ne sayen fentin mai na ƙofa da taga, ko fentin daɓe mai gwangwani ɗaya, a shafa a inda mota za ta riƙa kwana. Irin wannan fenti ko ya bushe ba ya yin taurin da zai jure zafi, saboda haka zafi yana sake tausasa shi. Motar da ta yi yawo a kan kwalta a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, tana shigowa gida da taya mai zafi ƙwarai. Tayar ta zauna a kan fentin ta tausasa shi, da dare ta huce ta damƙe shi, da safe kuma a ja mota ta tafi da shi, a bar tabo huɗu a daidai inda tayoyin suka kwana. Abin da ke jure wannan shi ne epoksi, wanda ake sayarwa gwangwani biyu, babba na ƙaro da ƙarami na maganin da ke daskarar da shi, domin shi haɗuwar biyun ce ke mai da shi tauri kamar dutse. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma araha ba ta ado, kuma wanda ba zai iya sayensa ba gara ya bar daɓensa yadda yake.

Sai dai sayen epoksi bai cece ni ba a karo na farko, kuma a nan ne nake so a tsaya a saurare ni da kyau. Maginanmu suna da al'adar da suke alfahari da ita: idan sun zuba daɓe, sai su barbaɗa garin siminti a sama ko su kwarara madararsa, su yi ta gogawa da cokalin gini har fuskar ta yi santsi tana ƙyalli. A ɗakin kwana wannan abin so ne. A garajin da za a shafa wa fenti kuwa shi ne babban abokin gaba, saboda wannan fatar ta sama siririya ce, ba ta da yashi ko tsakuwa a cikinta, ba ta da ƙarfi, ga ta kuma ta toshe ƙananan ramukan da epoksi yake bukatar ya shiga ya kafa saiwa. Ni da bakina na ce wa maginin, “Malam, a goge shi ya yi sumul, fenti za a sa,” shi kuma ya yi abin da na ce. Na share, na wanke, na shafa epoksi mai tsada shafi biyu, ya fito kamar madubi, maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka. Bai cika wata huɗu ba ya fara tashi daga bakin ƙofa, kuma in ka sa farce a ƙarƙashinsa sai ya biyo ka faffaɗa kamar leda. Kankare ragowar da bai tashi ba ya fi shafa shi wahala, ya ci mini kwana huɗu da kuɗin ƴan aiki biyu.

Gwajin wannan bai da wuya. A ɗiga ruwa a wurare da dama a kan daɓen: idan ya shige cikin minti ɗaya ko biyu wurin ya yi duhu, daɓen a buɗe yake, idan ya tsaya ya dunƙule, fenti ma haka zai tsaya a sama. Sannan a ja ƙusa da ƙarfi a kai, in ta tona layi tana fitar da gari, to fatar ba ta da ƙwari, sai an cire ta. Masu fenti da yawa za su ce a wanke da asid, kuma asid yana cin siminti, amma ni na daina amfani da shi, domin bayan sa sai an kwarara ruwa mai yawa an ɗauraye, daɓen ya sha ya ƙoshi, a koma jiran ya bushe, ga shi kuma ba ya cin wurin da mai ya zuba. Abin da nake yi shi ne in sa a gurje daɓen gaba ɗaya da injin yankan karo da aka ɗaura wa faifan gurzar kankare, har sai yashin ciki ya bayyana, in ka shafa tafin hannu ka ji kaushi. Mai gurzar ya rufe hanci da baki da abin kariya na gaske, saboda ƙurar siminti tana zama a huhu ta yi illar da ba ta warkewa. Wanda ya nace sai asid, ya tuna cewa asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Danshi shi ne na biyu a masu ɓare fenti, kuma mutanen Yamai suna raina shi don suna ganin ƙasarmu busasshiya ce. Sabon daɓe, da simintin Malbaza aka zuba shi ko da wanda aka shigo da shi daga waje, yana bukatar aƙalla kwana 28 kafin a yi maganar fenti, kuma masu yin epoksi yawanci suna shardanta kada danshin kankaren ya wuce kashi 4 cikin 100. Ba mu da na'urar aunawa a gidajenmu, amma muna da leda. A yanki mai faɗin kamar rabin mita, a shimfiɗa a daɓen, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana guda. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, ruwa yana tasowa daga ƙasa, kuma zai kumbura epoksin ya yi ƙuraje. Ni a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba nake wannan gwaji, lokacin da ƙasa ta sha damina, domin a bazara kowane daɓe zai ce maka a bushe yake. Mazauna unguwannin da ke kusa da kogi irin su Saga, Harobanda da Kirkisoye, inda ruwan ƙasa yake kusa, idan leda ta nuna raɓa, shawarata su manta da epoksi su sa karo mai kauri da kaushi. Wanda bai zuba daɓensa ba tukuna kuwa ya sa a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa kafin a zuba kankare.

Tsohon garaji yana da tasa matsalar, wato baƙin man da ya shekara yana ɗiga. A wanke shi da sabulun gari da ruwan zafi da buroshi mai tauri, a maimaita har ɗigon ruwa ya riƙa shigewa, in ya ƙi a sare wurin a sake cike shi.

Asarata ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin a wannan karon na gyara daɓen yadda ya kamata. Wata Asabar ce a cikin Afrilu, na ce bari in gama kafin azahar. Na juye ƙaramin gwangwanin duka cikin babban, na gauraya, na ajiye bokitin a bakin ƙofa inda gwangwanayen suka wuni cikin zafi tun jiya, na fara bin kusurwoyi da buroshi a natse. Ban kai rabin bango na biyu ba yaron da ke taimaka mini ya ce, “Baba, bokitin nan fa ya yi zafi.” Na taɓa gefensa na janye hannu, wani tururi mai wari yana tashi, fentin ya yi kauri kamar tuwo, kafin in yi wani abu ya daskare da rulon a tsaye a cikinsa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne epoksi da kansa yake haifar da zafi idan an haɗa shi, kuma in yana tare wuri ɗaya cikin bokiti zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya ƙara wa haɗin sauri. Minti 30 ko 40 ɗin da aka rubuta a jikin gwangwani an auna su ne a zafin digiri 20 ko kusa da haka, kuma kusan kowane ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da rabi, don haka a bazarar Yamai abin da ya rage maka bai fi minti goma ba. Masu yin sa da yawa ma sun hana a shafa shi a daɓen da zafinsa ya wuce digiri 30.

Tun daga ranar na sauya tsari. Gwangwanayen suna kwana a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ba na haɗa fiye da abin da mutum biyu za su shafa cikin minti goma, kuma a kan sikeli nake auna kowane kashi bisa ma'aunin da aka rubuta. Ina gaurayawa minti uku cur ina kankare gefe da gindin bokiti, sannan in kwarara shi a daɓen nan take a bi shi da rulo, domin a shimfiɗe ba ya zafi kamar a tare. Lokacin da na fi so shi ne Nuwamba, bayan ƙasa ta tsane kuma kafin hazon hunturu ya yi ƙarfi, kuma bayan la'asar nake farawa, saboda daɓen da ke ɗaukar zafi da safe yana fitar da iska daga ramukansa ta huda fentin, wanda ke hucewa kuwa jan fentin yake yi ciki. A rataya tamfol a ƙofa don ƙura amma a bar wa iska hanya, kada a kunna wuta ko sigari a kusa, kuma a kashe fitilar garajin da an gama, in ba haka ba da safe za a tarar da ƙwari sun mutu manne a ciki.

A nan dole in yi wa masu gida faɗa. Mutum ya sayi fenti mai tsada, ya yi jinga da mai fenti a kan kuɗin da shi kansa ya san ba za su biya wahalar gurza daɓe ba, ya miƙa makulli ya tafi aiki, ya dawo da yamma yana murna an gama a wuni ɗaya. Aikin nan ba ya ƙarewa a wuni ɗaya. Wanda ka matse a jinga zai tsallake gurza, zai auna maganin daskarewa da ido, zai kuma tsinka fentin da esansi don gwangwani ɗaya ya rufe inda biyu za su rufe, sakamakon kuwa daɓe ne mai danƙo da ba zai taɓa bushewa ba, ko shafi siriri da yashi zai cinye cikin shekara. Ka biya kuɗin gurza daban, ka tsaya a kan haɗin da idonka, kuma kada ka yarda a zuba wa epoksi wani abin tsinkawa in ba wanda masu yin sa suka ambata ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne. A cike tsagogi kafin fenti, domin fenti ba ya ɗinke tsaga. Shafi na biyu a yi shi cikin lokacin da aka rubuta, yawanci kashegari, in an wuce sai an ɗan goge na farko ya yi kaushi. Idan garajinka rumfa ce da rana ke shiga, epoksi zai koma rawaya ya riƙa fitar da gari, sai a rufe shi da shafin poliyuretan mai jure rana. A barbaɗa busasshen yashi tankaɗaɗɗe a kan shafi na farko tun yana ɗanye, musamman a gangaren bakin ƙofa, saboda epoksi mai santsi in ya jiƙe yana kayar da mutum. Fari da baƙi duk suna tona jar ƙurar garin nan, ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa sun fi rufa asiri. A sa ɗan katako ƙarƙashin ƙafar babur da janareta.

Ana iya taka daɓen da ƙafa bayan kwana guda, amma mota sai ta jira kwana bakwai, ko da fentin ya yi tauri a hannu tun rana ta biyu. Ni tun kafin in buɗe gwangwani nake zuwa in roƙi maƙwabcina wurin ajiye mota na mako guda, domin na ga wanda ya yi komai daidai, daren kwana na uku tsoron ɓarayi ya sa ya shigar da motarsa, shatin tayoyin nan huɗu kuma suna nan a daɓensa har yau.