Kurakuran da Ake Yi Wajen Gwada Maganin Gargajiya don Kare Ƙoda

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne a yi gaggawar tambayar ko magani yana kare ƙoda, alhali ba a tabbatar da cewa shi kansa ba ya yi mata illa ba. Ƙodojin baligi suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kullum, saboda haka gubar da ke cikin saiwa ko sassaƙe da wuya ta wuce ba ta ratsa su ba.

Abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990 ya isa izina. Mata fiye da 100 sun kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha ƙwayoyin rage ƙiba da aka yi nufin haɗawa da saiwar Stephania tetrandra, amma aka sa Aristolochia fangchi a madadinta, domin sunayen tsirran biyu sun yi kama da juna a harshen Sin. Da yawa daga cikinsu sai da aka kai ga yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Abin takaicin shi ne, duk wannan ya faro ne daga rikicewar suna. Gyaran kuwa a bayyane yake: masanin tsirrai ya tantance tsiron, a adana busasshen samfurinsa da lamba, a rubuta sashen da aka ɗiba da yadda aka sarrafa shi. Sannan a binciki garin ko jiƙon, ko yana ɗauke da dalma ko an gauraya shi da maganin kashe zafin ciwo na asibiti, kafin a yi gwajin guba na kwana 28 ko 90 a kan dabbobi.

Kuskure na gaba yana faruwa ne a ɗakin gwaje-gwaje. An saba a ba ɓeraye ruwan tsiron na wasu kwanaki, sannan a yi musu allurar jentamaisin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ko sisfilatin (maganin sankara) don a raunata ƙodarsu, idan raunin ya zo da sauƙi sai a yi shelar an samo rigakafin ciwon ƙoda. Ina ganin an yi azarɓaɓi a nan. Wannan rauni ne na farat ɗaya da ke bayyana cikin 'yan kwanaki, amma ciwon da ke addabar jama'a yana cin ƙoda ne sannu a hankali, galibi sakamakon ciwon suga ko hawan jini, kuma likitoci ba sa kiran sa mai daɗewa sai ya haura wata 3. Mai bincike ya faɗi iyakar abin da ya gani, ko kuma ya yi gwajin da dabbobin da ke da irin wannan ciwo na tsawon lokaci.

Haka nan batun awo. Idan an ba ɓera miligiram 400 a kan kowane kilo na nauyinsa, ana raba adadin da 6.2 kafin a kwatanta da ɗan Adam, wato kusan giram 4 na tataccen magani ga mutum mai kilo 60, wanda kofin jiƙo ɗaya ba lallai ya ƙunsa ba.

Akwai kuma dogaro da ma'auni guda, wato sinadarin kiriyatinin da ke cikin jini, dattin da tsokar jiki ke fitarwa ƙoda kuma ta tace shi. Yana iya zama daidai har ƙoda ta rasa kusan rabin ƙarfinta, kuma yana raguwa idan tsokar jiki ta zube, ta yadda ɓeran da ya rame saboda ɗacin magani ya hana shi cin abinci zai iya ba da sakamako mai kyau na bogi. A haɗa da auna furotin a fitsari da nauyin jiki, a kuma yanko siririn naman ƙodar a duba a madubin likita, ba tare da mai dubawar ya san ɓeran da ya sha magani da wanda bai sha ba. Yawan fitsari ma ba shaida ba ne, domin tsiron da ke sa fitsari yana iya ƙarar da ruwan jiki ya ƙara wa ƙoda wahala.

Idan an zo kan mutane, shaidar waɗanda suka ce sun ji sauƙi ba ta wadatar ba, tunda ciwon ƙoda yakan daɗe bai nuna alama ba. Dole a sami rukuni biyu da aka raba ta hanyar ƙuri'a, ɗaya ya sha maganin ɗaya kuma bai sha ba, da amincewar kowane majinyaci, da izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike. Kada a dakatar da maganin hawan jini ko na suga da majinyaci yake sha don a ga tasirin tsiron shi kaɗai, kuma a riƙa auna sinadarin fotashiyam a jininsa a kai a kai, domin ganyaye da yawa suna ɗauke da shi, ƙodar da ta raunana kuwa ba ta iya fitar da shi, idan ya taru yana iya tsayar da zuciya.